Omma da Gimbiyar da Ta Durƙusa

Ranar Juma'ar da ta wuce na matsa wa ɗana sai da ya ɗauke ni a mota daga Ain Khaled ya kai ni Al Asmakh, unguwar da na taɓa zama. Tun da na zo ƙasar nan jinyar gwiwa nake roƙonsa, kullum sai ya ce aiki, don tsaro yake yi a filin jirgi, hutunsa ba shi da tabbas. Da muka isa sai unguwar ta rikice mini. Lungun da nake nema yana nan, amma an kewaye gefe guda da langa-langa. Na leƙa ta wata kafa, na ga fili fetal, sai tarin ƙasa da katafila a tsaye. Gidan da na zauna babu shi, na maƙwabciyata ma babu. Na daɗe a wurin har ɗan nawa ya ce, "Inna, rana fa." Na ce masa a nan aka yi masa wankan farko. Ya gyaɗa kai don ladabi, idonsa na kan motar da ya ajiye inda bai kamata ba. Da muka koma gida na tarar da jikokina mata sun haɗa kai a kan waya, suna kallon fim ɗin Koriya irin na gidan sarauta, 'yan mata cikin siliki suna tafiya kamar ba sa taka ƙasa. Na ce musu ni na san labarin wata gimbiyar Koriya tun ubansu yana ciki. Suka ƙyalƙyale da dariya, sun ɗauka zolaya ce. Ban ja maganar ba, amma tun ranar abin yake ta dawo mini.

Ina da ƙuruciyata sosai lokacin da Malam, maigidana, ya aika aka taho da ni daga Gumel. Direba ne a gidan wani attajiri ɗan ƙasa, shi ne kafil ɗinsa, wato wanda takardun zamanmu ke hannunsa. Iyalin sun tashi daga tsohon gidansu na Al Asmakh sun koma sabon gini a bayan gari, suka bar wa ma'aikata tsohon. Gida ne mai kaurin bango, da ƙofar katako mai manyan ƙusoshi, da tsakar gida inda wata kurna ta tsaya. Ranar da na fara ganin kurnar nan sai da na taɓa jikinta, don ban yi zaton zan sami 'yar garinmu a bakin teku ba. Unguwar ba ta yin shiru. Kiran salla daga masallatai yana hawa kan juna, wani ladan bai gama ba wani ya ɗauka. Mai tankar ruwa ya danna hon, teloli Indiyawa sun ƙure rediyo, tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki suna gurnani suna zubar da ruwa a lungu. Da hantsi ƙamshin gurasa ya taso daga tanderun kusurwa, da la'asar iska ta kawo ƙarnin kifi. Yanzu inda nake zaune, in aka rufe gilashi ko kukan tsuntsu ba ka ji. Na yi watanni a gidan ɗana, ban san fuskar matar da bangonmu ɗaya da ita ba. A wancan zamanin kuwa in ka yi atishawa, wani daga bayan katanga zai yi maka addu'a da yaren da ba ka sani ba.

A gidan akwai Magajiya, 'yar Zangon Kumasi, matar mai gadin kantin kafil. Ta girme ni, ita ta koya mini kasuwa da yadda ake ciniki da Larabcin 'yan aiki. Hausarta ta Zango ba ta raba mace da namiji, sai ta ce mini, "Kai yarinya, zo ka ci abinci," ni kuwa in yi ta dariya. Kowace safiya Malam yakan tafi da ni sabon gida in taya aikin madafi. A can mai faɗa a ji ita ce uwar kafil, Hajiya Babba, tsohuwa 'yar ƙarama mai rufe fuska da wani abu mai ƙyalli kamar zinariya. Jininmu ya haɗu da ita. Ita ta koya mini dafa gahawa, ta ce in riƙa kiranta Yumma kamar yadda 'ya'yanta ke yi. Da ta lura ina da ciki sai ta ce in riƙa komawa gida da azahar.

Cikin nan ne ya haɗa ni da Omma. Kwaɗayin miyar kuka ya kama ni, irin wadda aka zuba wa daddawa da yawa, har nakan zauna ina hawaye ba wanda ya taɓa ni. Wata rana da azahar ina kwance gindin kurna sai na ji warin daddawa, ba ko shakka, yana tsallako katanga. Na yafa mayafi na bi wari har ƙofar gidan da ke jikin namu. Wata dattijuwa ta buɗe, gajera, mai faɗin kafaɗa, gashinta ya fara fari, hannunta ja jawur da barkono. Ba mu jin yaren juna, sai na nuna hancina na nuna cikina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja hannuna zuwa wasu randuna a inuwa, ta buɗe ɗaya. Waken suya ne suke ruɓarwa, su ma su yi miya da shi. Ta dafa mini a ɗan kasko, na sha ina kuka, ita tana tsaye tana dariya. 'Yar Koriya ce, mijinta ya rasu, ta biyo kamfanin 'yan ƙasarsu masu gini a bakin teku tana yi musu girki, ɗanta guda yana karatu a gida. Na ji ma'aikatan suna kiranta Omma, ashe a yarensu ma haka ake ce wa uwa. Ita kuwa takan ce mini sadik, wato aboki da Larabci, kamar yadda kowa ke kiran kowa a kasuwa.

Daga nan kullum bayan azahar ina wurinta. Mukan zauna a kan 'yan kujeru, manyan robobi a gabanmu, mu tsaga kabeji, mu cusa gishiri tsakanin ganye da ganye, mu ɓare tafarnuwa har yatsu su yi zafi. Da ta ga yadda nake daka barkono sai ta sallama mini turminta gaba ɗaya. Larabcinta ya fi nawa karyewa. Abin da zan faɗa a bakinta da Hausa mai daɗi, da guntayen kalmomi muka yi shi, da hannu, da ido, wani lokaci ta zana a ƙasa da tsinke. Amma ban taɓa fahimtar mutum kamar yadda na fahimce ta ba. Tana yawan cewa in hannu yana aiki, baki ya fi faɗin gaskiya.

Wata safiyar Juma'a na shiga na tarar ta sa fararen kaya, ta jera shinkafa da kifi da 'ya'yan itace a kan wani gajeren tebur, tana sunkuyawa har goshinta ya taɓa ƙasa. Na ja da baya na tsaya bakin ƙofa ina neman tsari a zuciyata. Da ta gama ta miƙo mini abincin, na girgiza kai, ba ta ji haushi ba. Ta ce a ƙasarsu mazan danginsu ne ke zuwa kabarin wata kakarsu ta can nesa sau ɗaya a shekara, ita da take nan ita kaɗai sai ta yi abin da ta iya.

"Wace ce ita?" na tambaya.

"Bint malik," in ji ta. 'Yar sarki. Ta zana hula a kanta da yatsa.

A ranar ta fara ba ni labarin, muna ɓare tafarnuwa. Ta ce ɗaruruwan shekaru ne da suka wuce. Uban gimbiyar sarki ne mai sanyin hali, mai son karatu, amma ba ya rabo da ciwo. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙaninta, tana 'yar yarinya, don haka ita ta zame wa yaron uwa. Ita ke ɗanɗana abincinsa kafin ya ci, ita ke riƙe hannunsa in aka yi tsawa. Da ta girma aka aura mata wani saurayi ɗan manyan gida, mai yawan dariya, suka shaƙu ƙwarai, uban ya gina musu gida jikin fada don kada ta yi nisa. Ba a daɗe ba sarkin ya rasu, aka ɗora yaron a gadon sarauta, rigar tana jan ƙasa, ƙafarsa ba ta kai daɓe ba. Fadar tana ba shi tsoro, sai ya riƙa sulalewa gidan yayarsa ya ci abinci ya yi barcin rana a cinyarta. Amma suna da baffa, ƙanin ubansu, jarumi mai tarin mayaƙa, wanda ya ga cewa ƙasa ba abin wasan yara ba ce. Ya fara da kashe dattawan da ke kewaye da yaron, ya ce maciya amana ne. Bayan nan ya karɓi hatimin sarauta daga hannun yaron da kansa, a gaban jama'a. Aka kai shi wani wuri da kogi ya kewaye, aka hana kowa zuwa. A nan Omma ta tsaya, ta ce shinkafar ma'aikata za ta ƙone.

Ba a yi nisa ba Malam ya fara tari. Muka ce sanyin mota ne, muka ce ƙurar gini ce. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, har ranar da na ga jini a hankicinsa. Asibiti suka ce tarin fuka ne. Ba su bar shi ya dawo gida ko ɗaukar kaya ba, suka wuce da shi wani asibiti da ke can ƙarshen gari inda ake killace masu irin ciwon. Dokar ƙasar kuwa, baƙo in ya kamu, za a yi masa magani sannan a mai da shi ƙasarsu. Ni ma aka gwada ni, aka ce ba ni da shi. Washegari na tafi sabon gida kamar kullum, a motar haya. Ina shiga tsakar gida Hajiya Babba ta fito, ta toshe bakinta da gefen mayafi, ta ɗaga mini hannu daga nesa kamar mai korar akuya.

"Barra!" in ji ta. Waje.

"Yumma, likita ya ce ba ni da komai."

"Ni ba uwarki ba ce. Ki fita, jikokina suna ciki."

Kafin la'asar aka turo mutane tsohon gida. Suka fito da katifarmu da kayan sawar Malam, har da zannuwan da na tanada na goyo, suka kai bayan lungu suka cinna musu wuta, suka sa kwaɗo a ɗakin. Ina tsaye ina kallo, akwatina guda a gefe. Magajiya ta kawo mini ruwa, amma a wani tsohon gwangwani, ta ajiye a ƙasa ta ja baya. Ta ce, "Ka yi haƙuri yarinya, ni ma ina da yara." Ban ga laifinta ba yanzu, amma a ranar gwangwanin nan ya fi wutar ƙona ni. Na rantse a zuciyata cewa ko zan mutu a titi ba zan sake taka gidan tsohuwar nan ba, bakina kuma ba zai sake kiranta Yumma ba. Hayaƙin ne ya fito da Omma. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ɗauki akwatina ta ɗora a kafaɗa, ta ce, "Yalla, sadik," wato mu tafi, ta wuce gaba. Ta shimfiɗa mini a ɗakinta, muka ci abinci a kwano ɗaya, da gangan ta ɗauki cokalin da na ajiye ta ci da shi.

Ranakun ziyara mukan tafi tare. Mota ta sauke mu inda kwalta ta ƙare, mu taka cikin rana, tana riƙe mini lema. Ba a shiga. Sai dai a tsaya ta bayan taga mai raga, shi yana ciki da ƙyalle a baki. Omma takan dafa masa romon ƙashi mai kauri, ta rantse mini da hannu a ƙirji cewa naman daga mahaucin Musulmi ta saya. A hanyar nan ta ci gaba da labarin. Ta ce bayan an kawar da yaron, sai aka kori mijin gimbiyar zuwa wani ƙauyen masu dafa gishiri a bakin teku. Ita ba a kore ta ba. Baffan ya aiko mata cewa ta zauna a gidanta da bayinta da silikinta, ai jininsa ce. Ta mayar masa da amsa cewa ba ta san wani sarki ba sai ƙaninta, ta hau keken shanu ta bi mijinta. Matar da ba ta taɓa ɗaura wa kanta ɗamara ba, ta koyi ɗiban ruwa, ta koyi hura wuta, matan ƙauye suka koya mata cusa gishiri a ganye don ajiyar lokacin sanyi, tafin hannunta ya tsattsage. Omma ta ce wai an ji ta tana cewa ba ta taɓa jin daɗin abinci ba sai a bukkar nan. A can ne labari ya iske su cewa an aika wa ƙaninta da ƙoƙon guba, ya sha, ko gemu bai fara ba. Mijinta kuwa dariyarsa ta ƙare daga ranar. Ya shiga shirin ɗaukar fansa da wasu, aka tona su, aka zo aka tafi da shi a ɗaure, tana da tsohon ciki. Bai dawo ba.

Na ji daɗin wannan yankin labarin duk da ɗacinsa, don na ga kaina a ciki. Nakan ɗaga kai in na wuce ƙofar tsohon gidanmu, ina jin ni ma ba na sunkuya wa kowa.

Sai mijin Magajiya ya zo da saƙo, ya tsaya daga bakin lungu ya faɗa. Kafil zai soke takardata, za a sa ni a jirgi cikin 'yan kwanaki. Cikina ya tsufa, Malam kuwa da sauran watanni a gabansa, kuma a lokacin jikinsa ya fi tsanani, ko tsayuwa a taga sai an riƙe shi. In na tafi ba mai leƙa shi, in ta Allah ta kasance ba wanda zai san inda aka sa shi. Mutumin ya ƙara da cewa kowa ya san kafil ba ya tsallake maganar uwarsa, in na je na ba ta haƙuri wataƙila a duba. Na ce haƙurin me zan ba ta, ni na ƙona mata kaya? Da na gaya wa Malam ta taga, ya ce, "Ki tafi gida, ki haihu a gaban su Inna. Ni Allah yana nan." Yana faɗa yana kau da kai don kada in ga idonsa.

Muka dawo na zauna gaban robar kabeji, na kasa taɓa komai. Na ce wa Omma ni ba zan je ba, gimbiyarta ma ai ba ta sunkuya ba. Ta ajiye wuƙa ta goge hannu.

"Wa ya ce miki labarin ya ƙare?"

Ta ce gimbiyar ta haifi namiji a bukkar nan, matan gishiri suka karɓi haihuwar. A dokarsu kuwa ɗan wanda ya yi wa sarki tawaye bawa ne, da an yaye shi za a zo a ɗauke shi a ba wani gida, ya tashi bai san ko shi wane ne ba. Ta goya jaririn, ta kama hanyar birni da ƙafa, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Masu gadin fadar da aka haife ta a ciki ba su gane ta ba. Da aka shigar da ita, ta durƙusa a kan duwatsun tsakar fada, a gaban mutumin da ya kashe mata ƙani ya kashe mata miji, ta sa goshi a ƙasa, ta kira shi da sunan sarautar da ta rantse ba za ta taɓa kiransa da shi ba. Fadawan da suka ci abinci a gidanta suna tsaye suna kallo. Baffan ya tsufa, ƙuraje sun cinye masa jiki, barci ya ƙaurace masa. Ya daɗe yana duban jaririn, sannan ya ce a cire sunansa daga cikin bayi. Yaron ya tashi ɗa, ya yi karatu, ya yi iyali. Ita kuwa da ya yi wayo ta aske kanta ta koma wani gidan bauta a kan dutse, ba ta sake shiga birni ba har ta mutu.

"Mazan gidanmu in sun taru a kabarinta," in ji Omma, "abin da suke yabo shi ne ta bi mijinta. Mu mata abin da muke gaya wa 'ya'yanmu shi ne ta durƙusa. Da ba ta durƙusa ba, da babu ni." Ta ɗauki wuƙarta. "Ba na ce ki je ba, sadik. Gwiwarki ce."

Da safe na yi wanka na yafa mayafina. Omma ta raka ni har ƙofar sabon gida ta tsaya a waje. Rana ta riga ta ɗaga. Hajiya Babba na zaune a barandar mata, turaren wuta na tashi a gabanta, surukanta da 'yan aikin da muka yi girki tare duk suna nan. Tana ganina ta kai mayafi baki. Ban matsa ba. Na tsaya a tsakiyar tsakar gida, na dafa cikina, na sauka a kan gwiwoyina. Daɓen ya ɗauki zafi kamar kasko.

"Yumma," na ce. "Ban zo neman aiki ba, ban zo neman ɗaki ba. Ki bar sunana a takarda har in sauka, har a sallami uban ɗan nan. In ya fito mu tafi tare, ba za ki sake ganinmu ba."

Ina jin fatar gwiwata tana ƙuna, gumi na bin bayana. Can tsohuwar ta fara magana, ba ni take kallo ba, bango take kallo. Ta ce ni yarinya ce, ban san tarin nan ba, ita ta san shi. Kafin a sami man fetur, lokacin da mazansu ke nutso a teku neman lu'ulu'u, ya shiga gidansu. Akan yi wa mai shi bukkar ganyen dabino nesa da mutane, a riƙa ajiye masa abinci a ƙofa. Haka aka yi wa yayyenta mata, haka aka yi wa ɗanta na fari, tana jin tarinsa daga nesa an hana ta zuwa. Ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta ce in yafe mata ba.

"Tashi, ƙasa da zafi," in ji ta. "Khalas, shi ke nan. Zan gaya wa ɗana."

Ta sa aka kawo mini ruwa a kofin gilashi mai kyau. Na sha, na yi godiya. Ina juyawa zan fita na ji ƙarar fashewar kofin a kwandon shara.

Omma na tsugune a inuwar katanga. Ta dubi fuskata, ta dubi gwiwoyina da suka yi ja suka tashi.

"Ta ba ki?"

"Ta ba ni."

"To yanzu yi kukanki. Ɗazu ba lokacinsa ba ne."

Na kuwa yi shi, a bakin titi, motoci na wucewa, tana riƙe da kaina a kafaɗarta mai warin tafarnuwa.

Tsohuwar ta cika alkawari. Na haihu lafiya, Omma ce ta kai ni asibiti ta dawo da ni ɗakinta, ta yi ta ɗura mini miyar wani ganyen teku mai santsi da ta ce ita masu jego ke sha a ƙasarsu. Magajiya ta shigo da tukunyar ruwan zafi da ganye ta yi mini wankan jego irin namu, ta sha kunu a kofina, ba wadda ta tayar da maganar baya a cikinmu. Malam ya fara ganin ɗansa ta ragar taga, ya yi masa huɗuba daga ciki da muryar da ta fara dawowa. Ban gaya masa abin da na yi ba sai bayan shekaru, muna gida Gumel, yana jan babbar mota, yara sun ƙaru. Ya tashi ya fita, ya dawo da tsire mai yawa ya ajiye a gabana. Ya ga jikokinsa kafin Allah ya karɓi abinsa.

Can baya, ranar da aka sallami Malam, daga asibiti za a wuce da shi filin jirgi, can zan same shi. Mai tasi ya tsaya a bakin lungu yana ta danna hon. Omma ta ɗaura mini goyon da kanta, irin ɗaurinsu, ta ja ta ƙara ja. A bakin ƙofa wani abu ya faɗo mini, na tambaye ta sunan gimbiyar. Ta ɗaga kafaɗa. Ta ce an riƙe sunan ubanta, da na mijinta, da na ɗanta, har na baffan kowa ya sani, amma nata ba wanda ya ajiye. Sai ta dungure ni a ƙirji da yatsa.

"Ke fa? Sunanki?"

Sai a lokacin muka lura. Na yi watanni a ɗakinta, ta wanke mini jini, ta ga kukana, amma ita sadik take cewa, ni kuma Omma. Na faɗa mata sunana. Ta gwada ta ɓata shi, ta sake gwadawa, muka yi dariya har jaririn ya farka. Sannan ta kama kunnena ta faɗa mini nata, a hankali, gaɓa-gaɓa, ta sa na maimaita har ya zauna. Mai tasi ya leƙo yana cewa yalla, yalla. Na shiga mota ina nanata shi, na hau jirgi ina nanata shi, Malam na tambayata wane zikiri ne wannan.

Ban sake ganinta ba, ban sake jin labarinta ba, ko ƙasarsu ta koma ko ina, Allah ne masani. Yanzu tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, nakan kira jika da sunan wata, nakan manta inda na ajiye carbi. Shi ya sa kowace safiya in na shafa addu'a, kafin in miƙe, nakan faɗi sunan nan a hankali, in ji ko yana nan. Yau ma na faɗa. Yana nan.